Lissafi Ya Cika, Haƙƙi Bai Cika Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda babu ƙwayar abin da ke kuɓuce wa ƙididdigarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Maganarmu ta wannan Juma'a a kan ƙirga take. Da yawa daga cikin ƙorafin da ake kawo wa kwamitin masallaci kwanakin nan iri ɗaya ne: kaya sun tashi daga nan Aba a kan dozin kaza, sun isa Kano ko Jos ko Maiduguri, an kwance, an ce ba su cika ba. Daga nan waya ta ɗau zafi. Mai kaya ya ce yaron shago ne, yaro ya ce direba ne, direba ya rantse da Alƙur'ani, a ƙarshe kowa ya haɗu a kan mai ɗinkin takalmin, tunda shi ba ya wurin. Idan aka zauna aka bi diddigi a tsanake, sau da yawa ba a samun ɓarawo. Abin da ake samu shi ne an yi ƙirga, an kuma ɗora wa ƙirgan nan shaidar da bai bayar ba.

Bari mu ɗauki abin da kowa ya sani. Ka je Ariaria ka sari takalma dozin 10. Ƙafa 120 ke nan, wari 240. Yaronka ya zazzage buhu ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ya samu 240 cif, ya ɗaure, ya ce Alhaji sun cika. To, me wannan 240 ɗin ta gaya mana? Ta gaya mana yawan warin da ke cikin buhu, iyakarta ke nan. Ba ta ce kowane hagu yana da damansa ba. Idan hagu 125 ne, dama 115, jimla tana nan 240, amma abin da za a iya sayarwa ƙafa 115 ne kawai. Hagu 10 sun zama marayu, ƙafa 5 sun tafi. In kowace ƙafa naira 6,000 ce, an yi asarar 30,000 ba tare da kowa ya ɗauki ko igiyar takalmi ba. Har ma a samu hagu 120, dama 120, a buɗe a Kano a tarar wani hagun lamba 42 ne, daman da aka haɗa shi da shi lamba 43. Ƙirga ya cika sau biyu, kaya ba su cika ba.

Ku lura da wani abu a nan. Da yaron ya samu 239 ko 241, da nan take kowa ya san akwai matsala, domin abin da ake yi biyu-biyu ba ya ƙarewa a mara. Mara hujja ce yankakkiya cewa an yi kuskure. Amma cika ba hujja ba ce cewa ba a yi ba, saboda kuskure biyu suna iya rufa wa juna asiri. Wanda bai rarrabe waɗannan biyun ba, shi ne zai rantse cewa ya aika kaya cikakku, yana gaskiya a zuciyarsa, ɗan'uwansa a Arewa shi ma ya rantse cewa ya karɓi kaya da giɓi, shi ma yana gaskiya, zumuncin shekara ashirin ya lalace a tsakanin rantsuwa biyu.

Kada wani ya ce wannan zancen boko ne aka shigo da shi takardar masallaci. Allah da kanSa Ya yi rantsuwa da shafa'i da wutiri a farkon Suratul Fajri, kuma daga cikin abin da magabata suka fassara ayar da shi, shafa'i shi ne halitta, wutiri shi ne Mahalicci, domin Shi kaɗai ne ba Shi da na biyu. A Suratuz Zariyati ma an ja hankalinmu ga yadda aka yi halitta biyu-biyu. Nafilar dare raka'a bibbiyu ake yinta a rufe da ɗaya. Hatta takalmin nan da muke magana a kai, an hana Musulmi tafiya da wari ɗaya, ko ya sa duka ko ya cire duka. Mai shafa a kan huffi kuma, in ya cire ɗaya, sai ya cire ɗayan ya wanke ƙafafun biyu. Kuma Shehu Abdurrahman Al-Ahdari, mai littafin Ahalari da yaranmu ke biyawa a Islamiyya, malamin ƙasar Aljeriya ne na ƙarni na 16, shi ne dai ya wallafa Sullam a ilimin manɗiƙi, ya kuma yi wani littafin a kan hisabi da rabon gado. Mutumin da ya koya mana ƙabli da ba'adi malamin lissafi ne. Ba mamaki babin rafkanwa ya fi kowane babi tsawo a ɗan littafin nasa.

Ga wata tambaya da za ku iya yi wa yara bayan sallar isha'i. An ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu, a cikin jaka akwai safa baƙa guda 10 da fara guda 10. Guda nawa mutum zai zaro don ya tabbata yana da biyu masu launi ɗaya? Yaro mai gaggawa zai ce biyu. Eh, ana iya dacewa da biyu, amma tambayar ba ta dace ba ce, ta tabbas ce. Amsa 3 ce: ko da ta farko baƙa ce ta biyu fara, ta uku dole ta bi ɗaya daga cikinsu. In kuma baƙaƙe yake so lallai, sai ya zaro 12, domin yana yiwuwa fararen nan goma su riga fitowa gaba ɗaya. Yanzu a mayar da shi takalmi, ƙafa 10 iri ɗaya a buhu. Wari nawa? 11. Goman farko suna iya zama hagu zalla, na sha ɗaya ne ba shi da mafita sai ya zama dama. Wani zai ce, Malam, ai da wuya a ce goma a jere duk hagu. Gaskiya ne da wuya. Amma "da wuya" sunansa zato. Yaƙini kuwa shi ne adadin da ko abu ya zo maka ta mafi munin fuska, ka riga ka tsira.

Da wannan ma'aunin malaman fiƙihu suka yi aiki, tun kafin a haifi kakanninmu. Mutum ya san akwai salla ɗaya ta jiya da bai yi ba, amma ya manta wacce ce. Me zai rama? Malaman mazhabarmu suka ce ya sallaci biyar ɗin duka. Salla ɗaya ake binsa, amma ba shi da hanyar tabbatar da cewa ya biya sai ya zaga kan biyar. In ya tuna cewa ta rana ce, sai ya yi uku: asuba, azahar, la'asar. In ta dare ce, magariba da isha'i. Gwargwadon abin da ka sani, gwargwadon sauƙin da za ka samu. Wannan da warin takalmi na sha ɗaya, tunani ɗaya ne.

Haka wanda yake cikin azahar ya rikice, raka'a uku ya yi ko huɗu. Uku ba shakka a cikinsu, ta huɗu ce ake jayayya a kanta, don haka sai ya ɗauka uku ya yi, ya kawo ɗaya, ya yi sujada biyu na rafkanwa. A hadisin Abu Sa'idil Khudri da Imamu Muslim ya ruwaito, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya bayyana dalilin sujadar ta fuska biyu: in a haƙiƙa mutum biyar ya yi, sujadar nan biyu su ne za su mayar masa da sallarsa shafa'i, in kuwa huɗu ya yi daidai, sun zama turbuɗe hancin Shaiɗan. Ku duba yadda aka rufe ƙofa biyun. Ba a ce masa ya tsaya sai ya gano gaskiyar abin da ya faru ba, domin ba zai gano ba. An ba shi aikin da ko ta ina gaskiyar ta faɗa, ya fita. Game da ko kafin sallama ake yin sujadar ko bayanta, littattafan da muka tashi da su, Ahalari da Risala, ba'adi suka ce, wasu malaman kuma suka tsaya a kan zahirin wannan hadisi suka ce ƙabli. A mazhabar Malikiyya kanta, wanda ya gabatar da ba'adi ko ya jinkirta ƙabli sallarsa ta yi. Saboda haka ba abin da za a tsaya ana ɗaga murya a kansa a bakin masallaci ba ne, alhali maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna wucewa suna kallo.

Sai dai a kula, kada a haddace cewa ƙa'ida ita ce "ɗauki ƙarami". Matar da take shakka ko kwana 6 ta sha a azumi ko 7, ba 6 za ta rama ba, 7 za ta rama. A raka'a an ɗauki ƙarami, a ramuwa an ɗauki babba, kuma ba saɓani tsakaninsu. Abin da ya tabbata a wuyanka ba ya sauka sai da tabbas. In kana ƙirga abin da ka biya, ɗauki ƙarami. In kana ƙirga abin da ake binka, ɗauki babba. Shakka kullum a kanka take faɗawa, ba a kan mai haƙƙi ba. Wanda kawai aka cire shi ne mai waswasi, wanda shakka ke zuwar masa kowace rana. Shi an ce ya yi watsi da ita, kada ya ƙara raka'a, domin tasa ba shakka ba ce, cuta ce, kuma biye mata ƙara ta yake yi.

Wani lokacin ma lissafin shafa'i da wutiri da kansa yake kashe shakkar. Masu niyyar Umra ko Hajji su riƙe wannan. Sa'ayi bakwai ne, ana farawa daga Safa a ƙare a Marwa, tafiya ɗaya ce, dawowa ta biyu, ba wai zuwa da dawowa ne ɗaya ba kamar yadda wasu ke yi har su gaji da sha huɗu. To, duk lokacin da ka iso Marwa, ƙirganka mara ne: 1, 3, 5 ko 7. Duk lokacin da ka iso Safa, cika ne. In kana tsaye a Marwa zuciyarka ta ce biyar ne ko shida, babu shakka a nan ko kaɗan, biyar ne, shida ba ta ƙarewa a Marwa. In ta ce biyar ko bakwai, nan ne shakka ta gaskiya, sai ka gina a kan biyar. Ba kowane ruɗani ne ke buƙatar fatawa ba, wani tsayawa kawai yake so a yi tunani.

Yanzu mu komo kasuwa, don a nan ne abin ya fi ba mu tsoro. Mutumin da ba zai yarda ya yi sallama a kan raka'ar da yake shakka ba, shi ne za ka ji yana cewa, ina jin dai na biya ka sau huɗu. Ana binsa 600,000, yana biyan 100,000 duk mako, babu rubutu, babu shaida, yana shakka tsakanin uku da huɗu, sai ya zaɓi huɗu. Me ya sa a salla shakka ta faɗa kansa, a bashi kuma ta faɗa kan ɗan'uwansa? Alhali haƙƙin Allah an gina shi a kan rangwame, haƙƙin bawa kuwa sai mai shi ya yafe. Bashi ya tabbata, biya ne ake jayayya a kai, don haka wanda ya ce ya biya shi zai kawo hujja. In babu, uku ya biya. Shi kuma mai bin bashin, in shi ma a ransa ba shi da tabbas, kada ya kuskura ya rantse a kan abin da bai sani ba. Ya faɗi gaskiya cewa shi ma ya rikice, a yi sulhu, a raba ko a yafe. Suratul Muɗaffifina ba a kan mudu da sikeli kaɗai ta tsaya ba. Mai ma'auni biyu, ɗaya na karɓa ɗaya na bayarwa, yana cikinta ko da bai taɓa riƙe mudu ba.

Littafin bashi ma yana da irin cutar buhun takalmi. Ka rufe shago, ka haɗa jimla, kuɗin aljihu da na asusu sun yi daidai da na littafi, ka ce alhamdu lillahi. Amma 20,000 da wane ya turo, yaro ya rubuta ta a shafin wani mai irin sunansa. Jimla ba ta motsa ba. Mutum ɗaya za a sake tambayarsa kuɗin da ya riga ya biya, wani kuma an sauke masa abin da bai biya ba. Iyayenmu mata masu adashi, ku ma wannan naku ne. Ku 12 ne, zubi 5,000, kwasa 60,000. Uwar adashi ta ƙirga ta samu 60,000, ta miƙa wa mai ɗauka. Ashe wata ta aiko ɗanta da kuɗi a hannu, maigidanta kuma ya tura ta waya bai sani ba, wata kuma ba ta zuba ba sam. Kuɗi sun cika, amana ba ta cika ba, kuma sai bayan wata biyu maganar za ta fashe a gidan suna. Maganin duka ɗaya ne: kada a ƙirga jimla kawai, a haɗa kowane abu da abokinsa. Kowane zubi da sunan mai shi, kowane alat da shafinsa, kowane hagu da damansa.

A ranar hisabi haka za a yi. Hadisin da aka siffanta matsiyacin wannan al'umma ya nuna mutum ne da zai zo da salla da azumi da zakka, jimlarsa mai kyau, sai masu haƙƙi su taso ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zaga, wanda ya yi wa ƙazafi, wanda ya ci wa dukiya, kowa a ɗebar masa daga ladansa har ya ƙare. Ba a ce alherinsa ya fi yawa don haka a wuce ba. Sadakar da ka yi wa wane ba ta biyan bashin wancan. Kuma ku sa ƙazafi a lissafi. Yaron da aka kira ɓarawo a gaban mutane saboda ƙafa 5 da ba shi ya ɗauka ba, ya bar garinsu ya zo nan neman na kansa, ba shi da jari sai sunansa. In an ɓata sunan, waye zai sake ba shi riƙon shago? Shi ma mai haƙƙi ne, zai tsaya a layi.

Haka in kuskuren ya faɗo ta wajenmu. Ka buɗe katan ka tarar da ƙafa 2 sun yi rara. Ba rabo ba ne, ba kuma gyara ba ce tunda ba a ce an yi maka ba. Na mai ɗinkin ne, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, haƙƙi ba ya tambayar addinin mai shi. Mu baƙi ne a garin nan, abin da mutum ɗaya ya yi da sunanmu duka ake kiransa. In muna buga waya da zafi ranar da aka samu giɓi, ya kamata a ji muryarmu ranar da aka samu rara.

To yaya ake tayar da maganar in an ga ba daidai ba? Akwai abin koyi a ƙissar Zul-Yadaini, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi sallama bayan raka'a biyu a ɗaya daga cikin sallolin rana masu raka'a huɗu. Abubakar da Umar suna cikin sahu, kwarjini ya hana su magana. Sai wannan sahabi ya yi tambaya, kuma ya kawo fuska biyun da abin zai iya zama: ko an rage sallar ne, ko mantuwa aka yi. Bai yanke hukunci ba. Shi kuma Manzon Allah bai ce wa ya isa ya gyara masa ƙirga ba, bai kuma ɗauki maganar mutum ɗaya nan take ba. Ya juya ya tambayi jama'a, suka tabbatar, ya cika abin da ya rage, ya yi sujada. Wanda aka yi wa wahayi ya karɓi gyaran ƙirga daga mamu. Alhaji, don yaronka ya ce a sake ƙirgawa, ba raini ba ne.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, tare da shaidu. A cikinta wanda ake bi shi ne aka ce ya yi shifta, wato adadin ya fito daga bakin wanda zai biya, don kada gobe ya ce ba haka aka yi ba. Cinikin hannu da hannu ne kawai aka sauƙaƙa a bar rubutawa. Kayan da za su kwana biyu a hanya kafin su isa Arewa, kuɗinsu kuma sai an sayar, ba hannu da hannu ba ne, ko da tsakanin wa da ƙani.

Saboda haka ga abin da muke roƙo daga wannan mako. Duk mai ɗaure takalma ya ƙirga su ƙafa-ƙafa, a haɗe, an duba lamba, ba wari-wari ba, kuma a yi shi gaban mutum biyu, ɗaya daga wajen mai sayarwa ɗaya daga wajen mai saye. A rubuta adadin a takarda biyu, ɗaya ta bi kaya, ɗaya ta zauna, a ɗauki hotonta a tura wa mai karɓa kafin mota ta tashi. Mai karɓa shi ma kada ya kwance shi kaɗai. Wanda rubutu ke ba shi wahala, da boko ne ko da ajami, ya zo ofishin masallaci ranar Asabar bayan la'asar tare da abokin huldarsa, akwai masu rubutawa da masu shaida, ba a karɓar ko kwabo. Iyaye mata masu adashi su ma za a ba su littafi mai layi, kowace da shafinta, sai su aiko a karɓa.

Allah Ya sauke mana haƙƙoƙin bayinSa tun muna da rai, Ya kai matafiyanmu da kayansu lafiya. Wassalamu alaikum.